Baƙin Man da Chimezie Ya Kawo

Sabon Gari, Kano
Watan Maris

'Yata Keziah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke yi mini tsiya idan na daɗe a zaune. Zafi ya sauka a Kano da ƙarfinsa, har kujerar motata Fijo sai na shimfiɗa tawul kafin in zauna. Goni direba zai tashi da lodi daga kasuwar Singa zuwa Maiduguri, shi ya sa na zauna rubuta miki. Kada ki sake ce mini in riƙa ɗaukar waya. Mutanen yanzu ba sa buɗe baki su yi magana, sai ƙus-ƙus kamar masu gulma, a waya kuwa abin ya fi muni. Takarda ba ta cinye kalma.

Mutumin naki ya zo. Chimezie. Na zaci zan ga ɗan kasuwa mai cika ɗaki da surutu, sai ga dogon yaro ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya ƙi kujera, ya durƙusa a gefen tabarma kansa a ƙasa. Haihuwar Sabon Gari ce ta gaskiya, ladabin nan ko a Wusasa sai an tona. Aibinsa ɗaya, ba ya magana, motsa leɓe yake yi. Ya daɗe yana yi wa tabarma bayani, ni kuwa ina cewa to, madalla.

Bai zo hannu biyu ba. Ya kawo galan na baƙin mai daga shagonsa. Bayan ya tafi na sa tabarau na karanta jikin galan ɗin: an yi shi ne don motocin da suka ci hanya, wai yana narkar da dattin da ya daskare a cikin inji yana wanke shi a hankali. Na yi dariya ni kaɗai. Wato yaron ya dubi Fijo ya ga tana buƙatar wanka. Motar nan ta girme shi, Keziah. Agogonta mai ƙirga tafiya ya cika ya koma sifili, ya sake cika, har na daina ƙirga. A cikinta na ɗauko ki daga Wusasa bayan mun binne mahaifiyarki, kina barci a cinyar matata Lucia, takalminki ɗaya ya ɓace ba mu taɓa ganinsa ba. Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba.

Duk da haka kyauta ce, ba a raina ta. Na kai wa Obinna a garejinsa na Fagge ya yi mini juye da shi.

Maganar da kika rubuto, cewa yana so ya kawo manyansa a yi gaisuwa, na ji. Ban ce a'a ba, ban kuma sa rana ba. Ni ne uwa, ni ne uba a wannan magana, tunda Lucia ta tafi ta bar ni da ita. Bari in ƙara kallonsa tukuna.

Ki riƙa cin abinci. Hoton da kika aiko duk wuya ne.

Kawunki,
Zacchaeus

*

Maiduguri
Watan Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan an yi Ista lafiya. Na so in zo, amma ba a ba mu hutu ba. Lafiyata ƙalau, wuyan da ka gani kuma naka na gado, sai dai ka yi ƙara a wani wuri. Maganin gwiwa yana cikin ledar da na ba Goni. A sha bayan an ci abinci, ba a ajiye a kan firiji ana kallo ba.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin hutu ina dariya, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni lafiya. Chimezie mai motsa leɓe! Kawu, mutumin nan idan yana ciniki a shagonsa, daga shataletalen Bata ana jin muryarsa. Kai ne ka cika masa ido. Ya ce mini da ya fito daga gidan rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Batun man, kada ka ɗauka raini ne. Shi a wurinsa babu kyautar da ta fi wannan. Tun farkon haɗuwarmu na ba shi labarin Fijo, da yadda kake wanke ta kowace Asabar kafin ka wanke kanka. Ya ce irin waɗannan injinan ba sa mutuwa, datti ne ke shaƙe su. Ya daɗe yana neman wanda zai dace da ita.

Ka ce za ka ƙara kallonsa, to ka kalla. Ban ƙosa ba, amma ba zan ɓoye maka ba, Kawu, ina son sa. Kuma ba zan shiga gidan kowa ba sai da albarkarka, shi ma ya san haka. Manyansa suna ta tambayarsa, yana ce musu a jira Baba.

Ka gaishe da mutanen coci.

'Yarka,
Keziah

*

Sabon Gari, Kano
Watan Mayu

Keziah,

Ina fatan kina lafiya. Ni jikina lafiya, maganin ya yi aiki. Raina ne a ɓace, kuma ba zan yi kwana-kwana ba.

Fijo tana kwance a Fagge.

Da farko har na yaba. Hayaƙin da take yi da safe ya ragu, tana ɗaukar wuta ba gardama. Na je Zariya na dawo, na sake zuwa jana'iza a Kaduna na dawo. Sai na fara ganin ɗigo a inda take kwana. Na ce kowace tsohuwa tana da nata. Ranar Lahadin da ta wuce muka fito daga sujada, na tarar da mutane sun yi cirko-cirko a bakin ƙofar coci. Baƙin mai ne kwance a ƙarƙashinta kamar an yanka akuya, ya gangara har inda mata ke wucewa da fararen takalma. Ni da na yi aikin tuƙi har na yi ritaya ba a taɓa tura ni ba, ranar matasan mawaƙa suka tura ni da kayan sujada a jikinsu.

Obinna ya shiga rami ya duba. Ya nuna mini da hannu: robobin da ke riƙe mai, gaba da baya, duk sun saki. Ya ce da ma sun bushe, dattin da ya taru a bakinsu ne ya toshe kafar, man nan ya zo ya wanke shi. Fulta mai tace man kuwa ta cika da laka har ta toshe. Saura ƙiris injin ya buga.

Ki duba mini wannan al'amari. Mutum yana sayar da mai, ya san halin abin da yake sayarwa, ya ɗauko ya ba tsoho ya zuba a tsohuwar mota, bai ce masa yi hankali ba. Ko dai bai san sana'arsa ba, ko kuma ya sani amma burge suruki ya fi masa. Duka biyun ba na so a mijin 'yata. Wanda zai ba ka abu mai kyau ya ɓoye maka sharrinsa, haka zai yi a cikin gida.

Na je har shagon nasa na gaya masa haka a gaban maƙwabtansa. Ya durƙusa, kai a ƙasa, ko uffan. Da yana da abin faɗa ai da ya faɗa.

Na ji an ce kullum yana garejin Obinna, ya bazama neman robobin har cikin 'yan gwangwan. Wannan ruwansa. Maganar kawo manya a ajiye ta. Na san zai yi miki ciwo, ni ma ba daɗi nake ji ba.

Kawunki,
Zacchaeus

*

Maiduguri
Watan Mayu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Na gode wa Allah da abin bai same ka a kan hanyar Kaduna ba. Na yi baƙin cikin Fijo ƙwarai, ka san ni ma tawa ce.

Ina rubutu da sauri don Goni yana jira. Na kira Chimezie na yi masa faɗa sosai. Sai da na matsa masa lamba sannan ya ce mini ya yi maka bayani tun ranar da ya kawo man. Ya ce ya gaya maka a bar Obinna ya duba robobin kafin a zuba, kada a yi doguwar tafiya da zubin farko, a juye shi da wuri a sauya fulta, domin dattin da zai kwaso yana da yawa. Ya ce ka amsa masa da to, madalla. Ya roƙe ni kada in rubuta maka wannan, amma ba zan iya yin shiru ana yanke masa hukunci ba.

Kawu, ko ka manta ne?

'Yarka,
Keziah

*

Sabon Gari, Kano

Keziah,

Na ga takardarki. Ban yi tsufan da zan manta magana ba, ban kuma fara ƙarya ba. Tunda kin zaɓi wanda za ki gaskata, shi ke nan.

Lafiyata lau.

Zacchaeus

*

Maiduguri
Watan Yuli

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Damina ta zauna a nan. Goni ya zo ya koma, ya sake zuwa, kullum sai ya buɗe mini tafin hannunsa tun daga nesa, in gane babu saƙo. Na tambaye shi yadda kake, ya ce yana ganin ka a Titin Ibrahim Taiwo kana tafiya a ƙasa da lema, ka ƙi hawa a-daidaita. Da gwiwar nan, Kawu.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Na sake tuna abin da na rubuta, na ga yadda zai sauka a kunnen wanda ya rene ni, na ji kunya. Ka yafe mini. Amma na daɗe ina juya maganar, kuma na gane ku biyun duk gaskiya kuka faɗa. Shi ya yi bayani. Kai ba ka ji ba.

Zan faɗi abin da ba a faɗa a gidanmu. Kunnenka ya yi nauyi, Kawu, ya daɗe da yin nauyi. Bakin mutum kake kallo ka gane abin da yake cewa. Duk mun sani, babu wanda ya taɓa furtawa, saboda Mama Lucia ba ta bar wata kafa da za a furta ba. Ka tuna kujerarta, wadda ke fuskantar taka? Idan baƙo ya yi magana sai ta dube ka ta ce, "Ashe Malam cewa yake a ɗaga taron zuwa Asabar," kamar ita ce ke mamaki. Ina yarinya na ɗauka surutu ne ya yi mata yawa. Sai da na girma na gane maimaita maka take yi, ta yadda baƙo ba zai lura ba. Ranar da Chimezie ya zo, kujerar nan ba kowa a kanta.

Ni kuma na ƙara ɓata abin. Ni na koya masa yadda zai gaishe ka. Na ce masa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kada ya haɗa ido da kai, kada ya kuskura ya ɗaga murya a gaban suruki. Ya bi maganata tiryan-tiryan. Abu ɗaya da ya kamata in gaya masa, shi ne na kasa, don ina jin kamar tona maka asiri ne. Na aiko maka da mutum na rufe masa baki da hannuna.

Da na yi masa wannan bayani a waya, sai ya ce ya fara zargin haka ranar da ka je shagonsa, domin maƙwabcinsa ya yi ta ba ka haƙuri daga bayanka ba ka waiga ba. Ban san abin da za ka yi da wannan wasiƙa ba. Idan ka ƙara fushi, na ɗauka. Amma gara ka yi fushi da ni a kan gaskiya, da ka ƙi shi a kan abin da bai yi ba.

Ina kewarka ƙwarai.

'Yarka,
Keziah

*

Sabon Gari, Kano
Watan Agusta

'Yata Keziah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiya, gwiwa ma ta yi sauƙi, wataƙila tafiyar ƙasan ce ta gyara ta, kada ki gaya wa likitocinku. Ruwa ya yi yawa a bana, layinmu sai an naɗe wando.

Wasiƙarki ta ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Na tura ta ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki na ce yarinyar nan ta yi karatu ta raina mutane. Amma duk lokacin da na zauna sai idona ya faɗa kan kujerar Lucia. "Ashe Malam cewa yake." Keziah, shekaru nawa matar nan tana yi mini wannan, ni kuwa ina ce mata ta cika sa baki a maganar maza. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta.

Da na gama na wanke fuska na tafi Fagge. Na tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin Fijo, na gane takalmin. Ya fito duk baƙi, yana ganina ya zube, kai a ƙasa, ya fara yi wa ƙasar gareji bayani. Na ce masa, "Kai, tashi. Ɗago ka dube ni. Ka buɗe baki kamar kana shagonka." Ya ɗago a tsorace. Na ce ya maimaita mini abin da ya faɗa ranar farko. Ya maimaita, kuma muryar da kika ce ana ji daga Bata gaskiya ne, har Obinna ya yar da sifana. Na ji komai. Robobi, juye, fulta, doguwar tafiya, babu abin da ya bari.

Na ce, "To me ya hana ka faɗi haka ranar da na wanke ka a gaban maƙwabtanka?"

Ya ce, "Baba, a gaban mutane? In ce na faɗa maka ba ka ji ba? Gara su ce ban iya sana'a ba."

Mutumin da ke cin abinci da sunansa a kasuwa ya bar sunan ya zube don kada nawa ya taɓu.

Sun samo robobin, wani tsohon mai kayan Fijo ne ya tono su daga ƙasan shagonsa. Kafin su rufe injin suka kira ni in leƙa. Rabon da in ga ƙarfen nan da launinsa tun ina da baƙin gashi. Na tsaya ina kallo, ina tunanin yadda na yi ta zagin man. Man bai yaga komai ba. Robobin sun daɗe da mutuwa, datti ne ya rufa musu asiri, ni kuma ina bugun ƙirji ina cewa motata ba ta ɗigo. Obinna ya ce da an bar ta haka, wata rana a tsakiyar daji za ta gaya mini gaskiya. Gara da ta faɗa a ƙofar coci, inda akwai masu turawa.

Da aka tayar da ita, Chimezie ya dube ni ya ce ƙarar ta canza, wani ƙwas-ƙwas da take yi ya tafi. Ni ban taɓa sanin tana yi ba. Direban da ke gane ciwon mota daga kukanta, yau sai an gaya masa. Sai ya kama hannuna ya ɗora a kan murfin injin. Na ji ta a tafin hannuna, tana tafiya sumul kamar numfashin yaro mai barci. Shi ya tuƙa mu zuwa gida, na bar masa sitiyari, abin da ko Obinna ban taɓa yi wa ba. Yana taka birki da wuri fiye da kima, amma za a gyara.

Wannan na'urar da kuke saƙala wa tsofaffi a kunne, ki tambaya mini. Ban ce zan sa ba, tambaya kawai na ce.

Na gaya masa ya kawo manyansa idan ruwa ya ɗauke. Sharaɗina ɗaya, kuma na faɗa masa da bakina ya kai musu: kunnen Baba ya yi nauyi, duk mai magana ya ɗaga kai ya dube shi. Kin ga na furta, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ke kuma ki nemi hutu tun yanzu, kada su ce ba ki faɗa da wuri ba. Na san amarya ba ta zama a wurin irin wannan magana, amma gidana ne. Mutane za su yi yawa, ba zan iya bin bakin kowa ba, kuma ba na so in ce to, madalla a kan abin da ban ji ba, ranar da ake maganar rayuwarki. Na goge kujerar Lucia na mayar da ita inda take. Ki zo ki zauna a kai.

Kawunki,
Zacchaeus